Abin da Mai Tocila Ya Gani

Ni ne mai yage tikiti a bakin ƙofa,
a tsohuwar silima can gindin tudu,
Valparaíso, inda gidaje ke hawan juna
kamar awaki a kan dutse.
Fim ɗin nan na gan shi sau arba'in da ɗaya.
Na san daƙiƙar da ƙyaure zai yi kuka,
na san inda matar nan mai jiƙaƙƙen gashi
za ta leƙo ta bayan madubi.
Shi ya sa na ba allo baya,
fuskoki nake kallo.

Ga Rayén a layi na uku, 'yar sha bakwai,
tun ba a kashe fitila ba ta dunƙule.
Kiɗa kawai ya sauya, ta ƙwalla ƙara,
gugguru ya watse a cinyar saurayinta.
Yatsu biyar a ido, da 'yar kafa a tsakani.
In an tashi ita ce mai dariya har da ƙwalla,
tana cewa, "Asabar mu dawo!"
Tsoronta barkono ne a miya,
da kuɗinta ta saya.

Saurayin, Amaro, ya harɗe hannuwa,
wai duk fenti ne da roba.
Tocilata ta faɗa ƙasa ban yi niyya ba,
ga ƙafarsa na rawa kamar mazari.
Na kashe. Na rufa masa asiri.

Doña Eulalia kuwa, shekara talatin
ta yi tana aikin dare a asibiti.
Idanun da ta rufe da tafin hannunta
sun fi kujerun ɗakin nan yawa.
Jini ya malala a allo, ta yi hamma,
ta ce wa ta kusa da ita, "Ba haka launinsa yake ba."
Amma akwai wani wuri, ba kiɗa, ba fatalwa:
uwa ta jera faranti huɗu a tebur,
ta tsaya, ta tuna,
ta ɗauke ɗaya.
Nan Eulalia ke buɗe jaka,
ta daɗe tana laluben abin da ba ya ciki.
Kullum a nan. Zuwanta shida ke nan.

Baltasar masunci, hannu kamar igiyar jirgi,
dariya yake wa fatalwa har ana harararsa.
Ya ce wanda ya kwana biyu kan kifaffen kwalekwale,
wane jiƙaƙƙen gashi zai razana shi?
Sai ga kofin ruwa a kan tebur
ya soma rawa shi kaɗai,
fitilar rufi na lilo a hankali.
Baltasar ya miƙe, ya dafa bango,
idonsa na auna nisan ƙofa.
Ya san abin da ke bin bayan rawar kofi
a garin da ƙasa ke juyi cikin barcinta,
teku ya ja da baya, ja da bayan rago.
Na raɗa masa, "Zauna, kawu, fim ne."
Ya ce, "Na sani."
Bai zauna ba.

Leocadio ba na lissafa shi.
Ɗumi yake saye, ba tsoro ba,
minsharinsa ya fi na dodon ƙarfi.

Ni fa?
Sha biyun dare, an watse, na kunna fitilu.
Kujeru duk sun naɗe kansu
ban da ta sha huɗu a layin ƙarshe.
Tana nan a buɗe, ta ɗan lotsa a tsakiya,
kamar wani bai gama kallo ba.
Mai gyara ya duba, ya ce ƙarfen ne ya saki.
Na yarda da shi, mutum ne mai gaskiya.
Amma in na zo gefenta da tsintsiya
sai in ji ina fito da baki, ba waƙar kowa ba,
in share da sauri, in ce, "Sai da safe,"
in fita da baya da baya
har hannuna ya taɓa makunni.